Wifi ta kama amma ba intanet: ku duba littafin akwatin kafin ku kashe kuɗi

Tun da Starlink ta fara aiki a Nijar a 2025, wuraren sayar da wifi da tike sun ƙaru a unguwanni da kasuwannin ƙauye. Rigima ma ta ƙaru. Mai saye ya ce ya biya rezo bai zo ba, mai wifi ya ce wayarka ce ta tsufa. Daga nan sai a kira ɗan uwa a Libiya ko Abijan ya aiko da kuɗin sabuwar waya ko sabon akwati. Sau da yawa ba abin da ya lalace.

Akwatin da ke raba wifi yana da littafi. Duk wayar da ta shiga ko ta fita yana rubutawa, da awa da minti da dalili. Masu gyara na ce masa "log". A akwatin MikroTik, wanda masu tike da yawa ke aiki da shi, ana buɗe Winbox a danna Log. Da Turanci yake, amma kalmomin da ke maimaituwa ba su da yawa.

Kafin waya ta kai intanet sai ta wuce ƙofa huɗu: ta ji muryar akwatin, ta karɓi adireshi, a amince da tikenta, sannan akwatin kansa ya samu hanyar fita waje. Aikin mai karanta littafin shi ne ya gano ƙofar da aka tsaya.

Ta farko ita ce ƙarfin rezo. Idan waya ta shiga, akan ga "signal strength" da lamba mai alamar ragi a gabanta. Nan mutane ke ruɗewa, don ƙaramar lamba ce mai kyau. -50 rezo ne mai ƙarfi, -67 ya isa kiran bidiyo, daga -80 kuwa wahala ce kawai. Idan waya guda tana shiga tana fita, ana rubuta "extensive data loss", to nisa ne ko katanga. Ginin laka mai kauri da rufin kwano suna cin rezo sosai, musamman na 5 GHz, na 2.4 GHz ya fi ratsa gini. Maganin a ɗaga eriya sama ko mai waya ya matso. Amma idan aka ga "sending station leaving", wayar ce ta yi sallama da kanta, ko mai ita ya kashe wifi ko ya tafi. Akwatin ba shi da laifi.

Ƙofa ta biyu ita ce adireshi. Kowace waya sai akwatin ya ara mata lamba, irin 192.168.88.25, na wani lokaci. A tsarin da aka saba, lambobin ba su wuce kamar 250 ba. Ranar kasuwa kowa ya ratsa da wifi a kunne ya taɓa rezon sai ya ɗauki ɗaya, ko bai sayi tike ba, kuma idan an sa lokacin aro mai tsawo ba za ta dawo da wuri ba. Kafin azahar sun ƙare. Littafin zai ce "pool is empty", wayar mai saye kuma ta tsaya kan "Obtention de l'adresse IP" tana ta juyawa. A kwamfuta mai Windows alamar ita ce adireshin da ya fara da 169.254, wato ba a ba ta ba, ta raɗa wa kanta. Gyaran ba ya cin ko dala: a rage lokacin aro zuwa awa ɗaya ko ƙasa, ko a faɗaɗa yawan lambobin.

A ƙofar tike ne aka fi yin faɗa, kuma nan littafin ya fi amfani. "Invalid username or password" na nufin an rubuta kod ba daidai ba. Galibi sifili ne da harafin O, ko 1 da ƙaramin l. Masu buga tike da sun bar waɗannan haruffan da sun huta. "Reached uptime limit" na nufin lokacin tiken ya cika, ba gardama. Sai "no more sessions are allowed", wato akwatin na ganin wani yana cikin tiken. Wani lokaci gaskiya ne, an ba aboki kod ɗin. Amma kada mai wifi ya yi saurin kiran mutum ɓarawo. Tun daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi na ɓoye lambarsu ta asali, wadda ake ce wa MAC, su nuna ta aro, wasu kuma sukan sauya ta lokaci zuwa lokaci. Sai akwatin ya ɗauka baƙuwar waya ce. A shiga saitin wannan rezon a wayar a zaɓi lambar asali, mai wifi kuma ya share tsohuwar shigar.

Idan an wuce ukun nan lafiya, waya ta ce ta haɗu amma ba intanet, kuma kowa da kowa ne ke kuka lokaci guda, matsalar tana waje. Mai Starlink ya buɗe manhajarta, akwai jerin lokutan da aka yanke da dalilinsu, ko reshen itace ya kare faranti ko ruwan sama mai ƙarfi. Akwai kuma layin da ya kamata a nema: "rebooted without proper shutdown". Wuta ce ta ɗauke wa akwatin. Idan kullum cikin dare yake fitowa, batirin sola ne ya gaji.

Sai dai a kula, akwatin na ajiye littafin a ƙwaƙwalwar da ke gogewa idan an kashe shi. Al'adarmu ta zare waya a mayar da zarar rezo ya tsaya ita ke share shaidar. Ku ɗauki hoton littafin tukuna, ko ku sa mai gyara ya saita shi ya riƙa adanawa. Idan kuma kwanan wata ya nuna 1970, agogon ne bai samu intanet ya daidaita ba tun da aka kunna.

Mai kwamfuta yana da nasa littafin. A Windows 10 ko 11, a buɗe cmd da izinin mai gudanarwa a rubuta netsh wlan show wlanreport. Za ta fitar da rahoton kwana 3 da suka wuce, da kowace yankewa da dalilinta.

Masu tsoron cewa mai wifi na karanta saƙonninsu su kwantar da hankali ta wannan fannin: littafin lambar waya da tike da lokaci yake nunawa, ba hirar WhatsApp ba.

Ƴan uwa na waje, idan an kira ku kan rezo, ku yi tambaya uku kafin ku aika kuɗi: waya ɗaya ce ko duka, da ƙarfe nawa abin ke faruwa, kuma me wayar ta rubuta ƙarƙashin sunan wifi. Ku ce a turo muku hoton, tare da na littafin a daidai wannan lokacin.