Me Ya Raba Koren Shayi da Baƙin Shayi?

Lipton ɗin da mai shayi ke haɗa maka da safe, da koren shayin da Buzaye ke dafawa a ƙaramar buta kan gawayi, duk ganyen bishiya ɗaya ne, wadda masana ke kira Camellia sinensis. Asalinta yankin kudu maso yammacin Sin, amma ana nomanta har a tsaunin Mambila da ke jihar Taraba. Abin da ya raba su shi ne yadda aka sarrafa ganyen bayan an tsinko shi.

Ka taɓa fasa farin goro ka ajiye, ka dawo ka tarar ya yi ja? To, irin haka ke faruwa da ganyen shayi. In aka murza shi, wani enzayim da ke cikinsa yana haɗa sinadaran katekin da iskar oksijin, sai su rikiɗe zuwa wasu sinadarai masu launin ja da ruwan ƙasa. Wannan shi ne baƙin shayi. Shi kuwa kore, da wuri ake ba shi zafi don a kashe enzayim ɗin: a Sin galibi a gasa shi a kasko, a Japan a turara shi. Wanda ake kira ulon yana tsakiya, domin ana tsayar da rikiɗar kafin ta kammala.

In za ka ɗanɗana, fara kurɓa ba sukari, kuma ka bambance ɗaci da bauri. Ɗaci harshe ne ke jin sa, kuma kafeyin na da hannu a ciki. Bauri kuwa bushewar baki ce: sinadaran ganyen suna kama furotin ɗin yawunka, sai santsin baki ya ragu. Shi ya sa madara ke tausasa shayi, domin furotin ɗinta na riƙe su kafin su kai ga yawun.

Zafin ruwa ma na da tasiri. Koren shayi ya fi daɗi da ruwa mai digiri 70 zuwa 80 na Selsiyos, minti 2 zuwa 3. Tafasasshen ruwa yana fizgo katekin da yawa, shi ya sa zagayen farko na shayin Buzaye yake da ƙarfi haka. Baƙin shayi kam yana son tafasasshen ruwa, minti 3 zuwa 5.

Sai abin lura. Waɗannan sinadarai masu bauri suna kama sinadarin ƙarfe da ke cikin wake, ganye da hatsi, su rage abin da hanji zai tsotsa. Don haka in kana fama da ƙarancin jini, ko akwai mai juna biyu a gidanka, a raba shayi da cin abinci da aƙalla awa ɗaya.