Daidai kifi, daidai zare, daidai kwarkwaro



Idan damina ta wuce, aka yanke hatsi, aka cika rumbuna, mutane da yawa sukan juya wajen ruwa. A tabkin Madarunfa cikin jihar Maraɗi, da na Gidimuni cikin jihar Damagaram, da na Tabalak cikin jihar Tawa, da bakin kogin Isa daga Yamai har Gaya, kifi yana ciyar da gidaje masu yawa. Kayan kamun kifi da muka gada sanannu ne: koma, birgi, taru, mamari da fatsa. Yanzu kuma akwai wani baƙo da ya shigo cikinsu. Shi ne sandar fatsa mai ƴar na'urar naɗe zare, wadda ake kira muline.

Muline tana da amfani. Da ita mutum yana iya jefa ƙugiya nesa, yana tsaye bisa tudu. Ba sai ya shiga ruwa har ƙugu ba. Wannan kuwa kariya ce daga tsargiya, cutar nan mai sa fitsarin jini, domin ƙwayoyinta ta fata suke shiga jikin wanda ya tsaya cikin ruwan tabki. Amma muline kuɗi ce, kuma rashin sani yana lalata ta cikin ƴan kwanaki.

Abin da muka gani a bakin tabki

Wata safiya mun tarar da wani saurayi zaune a bakin ruwa, ya yi tagumi. Ya sayar da akuyarsa ya sayi sanda da ƙaramar muline. Da ya tashi sa mata zare, sai ya ɗebi mai kauri, irin na mamari. Ya ce da mu: «Na zaci zare mafi kauri shi ya fi.»

Zaren da kwarkwaron ya ɗauka bai kai mitir 20 ba. In ya yi jifa, sai zaren ya zubo gaba ɗaya ya sarƙe. Ran nan babbar tarwaɗa ta kama ƙugiya, ta ja. Zaren ya ƙare nan take. Shi zaren bai tsinke ba, amma haƙoran cikin na'urar suka karye. Kifi ya tafi, kuɗin akuya ya bi ruwa.

Da ya duba rubutun da ke jikin kwarkwaron, da hakan ba ta faru ba. An rubuta 0,25 mm – 150 m. Shi kuwa ya sa zare mai lamba 0,70. To, me waɗannan lambobi suke nufi?

Lambobin da ke jikin zare

Zaren fatsa da aka fi sayarwa na nilon ne. A jikin kwalinsa akwai lambobi uku.

Ta farko kaurinsa ce, da milimitir, ana rubuta mm. Misali 0,30 mm. Wani lokaci a rubuta 30/100, wani lokaci 0.30 da ɗigo. Duk abu ɗaya ne.

Ta biyu ƙarfinsa ce, watau nauyin da zai ɗauka kafin ya tsinke. Ana rubuta kg, watau kilo. Kayan da suka fito daga ƙasashe masu Ingilishi sukan zo da lb, watau fam. Fam ɗaya bai cika rabin kilo ba. Saboda haka 10 lb kilo 4 da rabi ne, 20 lb kilo 9 ne. A kula da wannan, kada a ɗauki fam a matsayin kilo.

Ta uku tsawonsa ce, da mitir, ana rubuta m.

Ga kimanin ƙarfin sabon zaren nilon. Yakan ɗan bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan:

0,20 mm: wajen kilo 3
0,25 mm: kilo 4 zuwa 5
0,30 mm: kilo 6 zuwa 7
0,40 mm: kilo 10 zuwa 12
0,50 mm: kilo 15 zuwa 18

Lambobin da ke jikin kwarkwaro

Kwarkwaro shi ne wurin da zare ke naɗuwa a jikin muline, kamar dai na keken ɗinki. Masu ƙera shi sukan rubuta abin da zai ɗauka. In mun ga 0,30 mm – 200 m, ma'anarsa kwarkwaron zai cika da mitir 200 na zare mai kauri 0,30. Sau da yawa akan rubuta lissafi biyu ko uku a jere. Waɗannan su ne zarurrukan da aka ƙera na'urar dominsu. Abin da ya fi, mu zaɓi ɗaya daga cikinsu.

Kwarkwaro kamar tiya yake. Tiyar da ke ɗaukar ƙwayar gero dubbai ba ta ɗaukar goro sai ƴan ƙwayoyi. Haka zare: yana ƙara kauri, tsawon da ke shiga yana raguwa da sauri. Ga misali da kwarkwaron nan mai 0,30 mm – 200 m:

zare 0,25 mm: wajen mitir 290
zare 0,30 mm: mitir 200
zare 0,40 mm: wajen mitir 110
zare 0,60 mm: mitir 50 kacal

Mu lura da kyau. Daga 0,30 zuwa 0,60 kaurin ya ninka sau biyu, amma tsawon ya ragu sau huɗu. Wannan shi ne lissafin da ya kayar da saurayin nan.

Daga kifi ake farawa

Kafin mu je kasuwa, mu tambayi kanmu: wane kifi muke nema, kuma a wane irin ruwa? Kifi ne ke nuna zare, zare kuma ya nuna muline.

Karfasa da ƙurungu ƙananan kifaye ne. Zare 0,20 ko 0,25 ya ishe su, da ƙaramar muline. Siririn zare yana tafiya nesa wajen jifa, kuma kifi ba ya saurin ganinsa cikin ruwa mai haske.

Tarwaɗa da ragon ruwa suna da ƙarfi, kuma suna son laka da gindin itatuwa. A nan sai zare 0,30 zuwa 0,40, da matsakaiciyar muline mai ɗaukar mitir 150 ko fiye.

Giwan ruwa kuwa sarki ne. Babba yana iya wuce kilo 100. Ko matsakaici in ya ja, yakan tafi da zare mai tsawo kafin ya gaji. Mai nemansa a kogi yana bukatar zare 0,50 ko sama, da babbar muline mai ɗaukar wajen mitir 200 na wannan zare.

Akan rubuta wata babbar lamba a jikin muline, kamar 2000, 4000 ko 6000. Girmanta take nunawa: lamba tana hawa, muline tana girma. Sai dai kowane kamfani da awonsa, don haka rubutun kwarkwaro ya fi zama abin dogaro. Ita ma sanda akan rubuta a kusa da mariƙinta ƙarfin zaren da ya dace da ita. Zaren da ya fi ƙarfin sanda, sandar zai karya.

Akwai kifaye masu haƙora kamar tsage da gaiwa, masu yanke nilon. Ba a cika kwarkwaro da zare mai kauri dominsu. Abin da ake yi, a ɗaura guntuwar waya ko guntun zare mai kauri, kamar kamu ɗaya, tsakanin ƙugiya da babban zare.

Birki, sirrin na'urar

Wani zai ce: yaya zare mai kilo 6 zai fitar da kifi mai kilo 10? Yana iyawa, saboda dalili biyu. Na ɗaya, kifi ba ya da nauyi sosai muddin yana cikin ruwa. Na biyu, muline tana da birki. Wani maɓalli ne da ake murzawa, a saman kwarkwaro ko a bayan na'urar. In kifi ya fizga da ƙarfi, birki yana sakin zare kaɗan kaɗan, har kifin ya gaji. Shi ya sa ake son zare mai tsawo a kwarkwaro.

Ƙa'ida ita ce birki ya fara sakin zare a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa. Zare mai kilo 6, birki ya saki a kilo 2. Zare mai kilo 12, a kilo 4.

Ana iya daidaita shi a gida, ba sai da sikeli ba. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. Mu zuba litir 2 cikin ƙaramin bido, mu ɗaura bakin zaren a mariƙinsa, mu ja sannu sannu daga muline. In bidon ya ɗaga birki bai saki ba, ya yi tsauri, a sassauta. In zare yana zuba bidon ko motsi bai yi ba, a ƙara murzawa kaɗan.

Idan birki yana sakin zare, kada mu riƙa juya hannun muline. Yin haka yana murɗe zare. Mu ɗaga sanda, mu jira kifi ya tsaya, sannan mu naɗe. Sannu ba ta hana zuwa.

Yadda ake cika kwarkwaro

1. A jiƙa sabon zaren nilon cikin ruwa, zai yi laushi ya kwanta da kyau.
2. A zura shi ta zoben sanda, a buɗe lanƙwasasshen ƙarfen nan da ke gaban kwarkwaro, a ƙulla zaren a jikin kwarkwaro, sannan a rufe ƙarfen.
3. A riƙe zaren da jiƙaƙƙen tsumma yayin naɗewa, don ya kwanta da ƙarfi. Zaren da aka naɗe sako-sako yana sarƙewa.
4. Bayan juyi kamar 20, a sassauta a duba. In zaren yana nannaɗewa da kansa, a kife kwalin da yake fitowa daga ciki ta ɗaya gefen.
5. A tsaya idan saura milimitir 2 ko 3 zare ya kai leɓen kwarkwaro, kamar kaurin tsinken ashana.

In kwarkwaro ya cika ya batse, zare zai zubo ya cukurkuɗe. In bai cika ba, zare zai riƙa gugar leɓe, jifa ba za ta yi nisa ba. Wanda ya sayi mitir 100, kwarkwaronsa kuwa na 200 ne, sai ya fara shimfiɗa tsohon zare a ƙasa, ya ƙulla sabon a kansa.

Zaren kitso

Akwai wani zare da aka kitsa da siraran zarurruka da yawa. Ya fi nilon ƙarfi nesa ba kusa ba, ga shi siriri, don haka ƙaramin kwarkwaro yana ɗaukar mai yawa. Amma yana da tsada. Ba ya miƙewa kamar nilon, saboda haka duk fizgar kifi a kan sanda da na'ura take sauka. Yana kuma zamewa a jikin kwarkwaro, sai an fara naɗa ɗan nilon a ƙasa. Ƙarfinsa ba ya ƙara wa ƙaramar muline ƙarfi. Ga mai farawa, nilon ya wadatar.

Kula da zare, kula da lafiya

Rana ce babbar abokiyar gabar nilon. Zaren da ya daɗe cikin rana, a hannunmu ko a rumfar mai sayarwa, yana bushewa ya yi rauni. Araha ba ta ado. Kafin mu dogara da zare, mu gwada shi: a yanko guntu, a ɗaura a bokiti, a rataye, a riƙa zuba ruwa litir litir har ya tsinke. Yawanci a wurin ƙulli yake tsinkewa, domin kowane ƙulli yana rage ƙarfin zare. A jiƙa ƙulli kafin a ja shi ya ɗaure.

Bayan kowace fita, mu shafa mitocin farko na zaren da yatsa. In mun ji kaushi, dutse ko itace ya ci shi, a yanke wurin. A wanke laka da yashi daga muline, a sassauta birki, a ajiye ta a inuwa. Mai fita kullum ya sake zare aƙalla sau ɗaya a shekara.

Kada mu taɓa naɗa zare a yatsa ko a tafin hannu don mu ja. Yana yanka kamar reza, musamman na kitso. In ƙugiya ta maƙale, a naɗa zaren a guntun icce a ja da shi. Wanda ƙugiya ta soke shi, ko zare ya yanke shi sosai, ya wanke wurin da ruwa mai tsabta da sabulu, ya tafi likita, domin akwai allurar rigakafin sarke-haƙora. In ƙugiyar ta shige ciki, kada a fizge ta.

Tsohon zare kuma kada a yar da shi a bakin tabki. Nilon ba ya ruɓewa da wuri. Yana ɗaure ƙafar tsuntsaye da bisashe masu zuwa shan ruwa, yana yanka yara masu wanka. Mu tattara shi mu tafi da shi gida.

Abin riƙewa

Ƴan'uwa, abu huɗu za mu riƙe. Mu san kifin da muke nema. Mu karanta lambar zare da ta kwarkwaro kafin mu biya kuɗi. Mu bar ɗan fili a leɓen kwarkwaro. Mu daidaita birki da litir na ruwa. Wanda ya gane lambobin nan, ya karanta wa ɗan'uwansa a bakin tabki, kada wata akuyar ta sake bin ruwa.

Allah ya ba mu sa'a, ya tsare mu da sharrin ruwa, ya sa wa sana'armu albarka.