Littafin lissafi dukiya ne: yadda za a tsare shi daga gobara, ruwa da gara

A shekara ta 1982 gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai. An sake gina kasuwar, an buɗe ta a 1987, haja kuma ta sake cika rumfuna. Amma akwai abin da ba a sayo shi a kanti in ya ƙone, wato littafin da ɗan kasuwa ya rubuta waɗanda yake bi bashi da waɗanda ke bin sa. In littafin nan ya salwanta, mai gaskiya zai biya, marar gaskiya zai musa, alƙali kuwa shaida yake nema.

Abin da doka ta ce

Nijar tana cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, wadda aka kafa a 1993 don daidaita dokokin kasuwanci. Dokarta ta lissafi, wadda aka sabunta a 2017, ta wajabta wa kamfani ya adana littattafan lissafinsa da takardun shaidar saye da sayarwa har shekara 10. Saboda haka ranar da ma'aikatan haraji suka zo bincike, ko banki ya nemi ganin lissafi kafin ya ba da rance, cewa "na'ura ta lalace" ba ta fid da kowa.

Abokan gaba sun ƙaru

Takarda tana da maƙiyanta tun dā: wuta, gara, ɓera, da ruwa irin ambaliyar da ta shafi unguwannin Yamai na bakin kogi a 2020. Yanzu da lissafi ya koma cikin kwamfuta da wayar salula, sai wasu suka ƙaru. Ƙurar hunturu tana toshe na'ura, zafin bazara yana gajiyar da ita, ɗaukewar wutar lantarki ana tsakar rubutu tana ɓata aiki. Ga ɓarawo, ga kuma ƴan damfarar intanet masu kulle bayanai su nemi kuɗin fansa.

Manya ma ba su tsira ba. A watan Yuni na 2017 wata muguwar manhaja ta durƙusar da na'urorin Maersk, babban kamfanin jiragen ruwa na ƙasar Danmak. Abin da ya taimaka wajen farfaɗo da aikinsa shi ne na'ura guda a ofishinsa na Gana, wadda ta kuɓuta domin wuta ta ɗauke a can lokacin harin. Wannan sa'a ce, kuma ba a gina kasuwanci bisa sa'a.

Uku, biyu, ɗaya

Masana sun taƙaita dabarar cikin lambobi uku. Lissafi ya kasance kwafi 3: na aiki da wasu biyu. A ajiye su cikin ma'aji iri 2, misali kwamfuta da faifan ajiya na waje ko kile ta USB. Sannan kwafi 1 ya kwana nesa da wurin aiki, a gida, ko a wani gari, ko a ma'ajiyar intanet mai kalmar sirri. Kwafin da ke cikin aljihun teburin da kwamfuta take a kai, wuta guda ce za ta ci su tare. Haka kuma faifan da aka bari a jone dare da rana, cutar da ta kama na'ura za ta kama shi; a cire shi da zarar an gama.

Mai littafin takarda shi ma yana da hanya: ya ɗauki hoton kowane shafi da waya a ƙarshen mako, ya aika wa amintaccensa.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne gwaji. Kamar yadda manomi ke leƙa rumbunsa kafin damina don ya ga ko iri na nan lafiya, haka ya kamata a buɗe kwafin ajiya sau ɗaya a wata, a tabbata lambobin sun dace da na littafi.

Wajibi ne shugabannin kamfanoni, da ma'ajin ƙungiyoyin gama kai na Maraɗi, Damagaram da Tawa, su ɗora wannan aiki a wuyan mutum guda sananne, su sa masa rana, su riƙa tambayarsa. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.