Wa ya ba shi izini? Gardamar da ake yi a Maraɗi, ake yi a Amurka

A garuruwa irin su Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji, ba kowane malami ne ke ba da wuridin Tijaniyya ba, ko da ya haddace Alƙur'ani. Sai muƙaddami, wanda wani shehi ya yi wa izini, shi ma wani ya yi masa, hannu da hannu. Salsalar muƙaddamai da dama a ƙasar Hausa ta bi ta Kaulaha, wajen Shehu Ibrahim Inyas, wanda ya rasu a 1975.

In aka bi ta har tushe, sai a iske Shehu Ahmadu Tijani, wanda ya rasu a Fas a 1815. A nan gardamar take. Almajiransa sun ruwaito cewa a shekarar 1196 ta Hijira, a ƙauyen Abi Samgun na Aljeriya, ya ga Manzon Allah (SAW) a farke, ba a mafarki ba, kuma daga gare shi ya karɓi wuridin kai tsaye.

Ƙungiyar Izala, wadda Shehu Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978, ta kuma samu gindin zama a Maraɗi da goyon bayan wasu alhazai ƴan kasuwa, ba ta yarda ba. Hujjarta ita ce addini ya cika tun Annabi na raye, babu sauran umurni bayan wafatinsa. Tijanawa na cewa wuridi ba sabuwar shari'a ba ne: istigfari ne, salati da hailala. Maganar ba ta tsaya a zauren malamai ba. Ta raba masallatai, wani wuri har da ƴan gida ɗaya.

Wata ɗariƙar Kirista ta Amurka, wadda ake kira Mormon, tana fama da tambaya mai kama da wannan, duk da cewa aƙidun ba su haɗa hanya ba. Wanda ya kafa ta, Joseph Smith, da abokinsa Oliver Cowdery sun ce ran 15 ga Mayun 1829 Yahaya Mai Baftisma ya bayyana gare su a bakin kogin Susquehanna, ya ɗora musu hannu, ya ba su matsayin firist. Daga baya manzannin Yesu uku suka ƙara musu wani mafi girma. Kowane firist nasu a yau can yake kai salsalarsa.

Masu suka na nuna cewa sai a 1834 aka buga labarin, bayyana ta biyun ma ba ta da kwanan wata. David Whitmer, ɗaya daga cikin mabiyan farko, ya ce a tsufansa bai ji zancen ba a lokacin. Cocin na amsawa cewa tsanantawar da ake yi musu ce ta sa suka yi shiru. A gaskiya takarda ba ta iya raba wannan rigima, domin ƙullin farko na salsala wanda ya gani kaɗai ke shaidarsa.

Afirka ta ɗanɗana nauyin wannan izini. Har zuwa Yunin 1978 cocin ya hana baƙar fata zama firist. Wani malamin makaranta a kudancin Najeriya, Anthony Obinna, ya yi shekaru yana tara mabiya ba tare da izinin yi musu baftisma da cocin zai amince da ita ba. Sai a watan Nuwamban wannan shekara ƴan mishan suka iso daga Amurka, suka yi masa baftisma, suka naɗa shi shugaban jama'ar da shi da kansa ya tara.