Tafiyar Harafi Mai Lanƙwasa a Cikin Waya: Inda Kalma Kan Ɓata a Hanya

Gabatarwa

Duk ɗalibin Hausa ya san “kafa” daban, “ƙafa” daban, haka nan “fada” ba “faɗa” ba ce. Mu da ba da Hausa muka buɗe baki ba mun san darajar wannan lanƙwasa ƙwarai, domin sau da yawa a takarda muke rarrabe abin da kunne bai saba da shi ba. Ni a Suleja na tashi, Gbagyi muke yi a gida, Hausa kuwa a unguwa da kasuwa na tsince ta. Manufata a wannan maƙala ita ce in bayyana abin da ke faruwa da kalma idan ta shiga waya ko kwamfuta, da dalilin da ya sa haruffanmu kan tono wani kuskure mai hatsari wanda Ingilishi ke rufa wa asiri.

Harsuna biyu a waya ɗaya

Ma'ajiyar kwamfuta tamkar rumfunan kasuwa ce: gurabe ne a jere, kowane da lambarsa, kuma kowane gurbi ana kiransa bayit. Harsunan da ake rubuta manhaja da su sun rabu biyu wajen kula da waɗannan gurabe. A harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙira a Amurka a 1972, mai rubuta manhaja ne da kansa zai nemi gurbi, kuma shi zai mayar idan ya gama. A harshen Java kuwa, wanda kamfanin Sun ya fitar a 1995, akwai wani ɓangare da ake kira mai shara, wanda ke zagayawa yana kwashe duk abin da aka daina amfani da shi. John McCarthy ne ya fara wannan dabara a 1959 domin harshen Lisp.

Wayoyin Android da suka cika shagunan Kasuwar IBB ta Suleja suna ɗauke da harsunan duka biyu. Abin da ido ke gani galibi da Java ko Kotlin aka rubuta shi, amma aikin ƙarƙashi da C ko C++ ne. Misali, SQLite, wadda manhajoji da yawa ke adana bayanai a cikinta, da C aka gina ta. Ke nan sunan da ka rubuta a wayarka sai ya tsallaka daga wannan harshe zuwa wancan, ta wata gada da ake kira JNI. A kan wannan gada ne hatsari uku ke jira.

Hatsari na farko: an kwashe kaya, lamba na hannu

Ba kullum ake miƙa kalmar ita kanta ba, lambar gurbin da take ciki ake miƙawa. To, mai shara ba shara kaɗai yake yi ba, har sauya wa kaya wuri yake yi don a sami fili; tun daga Android 8 ta 2017 wannan sauyi ya zama aikinsa na yau da kullum. 'Yan gida, wato ɓangaren Java, ana sanar da su sabuwar lamba. Shi kuwa C baƙo ne, ba ya cikin rajista. Idan ya riƙe tsohuwar lamba ya dawo daga baya, sai ya tarar da kayan wani a rumfar, ya ɗauka a kan nasa ne. Wani lokaci manhajar ta mutu nan take. Wani lokaci kuma ta ci gaba da aiki da bayanin da ba daidai ba, wanda ya fi muni, domin ba wanda zai lura.

Hatsari na biyu: awon da bai kai ba

Wannan ne ya fi shafar mu. Tsarin ASCII na 1963 alamomi 128 kawai ya tanada, babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ, alhali tun shekarun 1930 suka shiga rubutun boko. Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba su lambobi. A 1992 Ken Thompson da Rob Pike suka tsara UTF-8, inda harafin Ingilishi ke cin bayit ɗaya, harafi mai lanƙwasa kuwa bayit biyu.

Mu yi lissafi. “Suleja” haruffa 6 ne, bayit 6. “Ɗanɗano” haruffa 7 ne, amma bayit 9. “Ƙaƙƙarfa” haruffa 8, bayit 11. Bugu da ƙari, C ba ya riƙe tsawon kalma. Sifili yake sakawa a ƙarshe a matsayin alamar tsayawa, saboda haka “ƙaƙƙarfa” gurbi 12 take buƙata. Idan mai rubuta manhaja ya tambayi Java tsawon kalmar, za ta ce 8, domin haruffa take ƙirgawa. Ya ƙara ɗaya don sifili, ya tanadi gurbi 9. Ragowar bayit 3 ina za su? C ba ya hana kowa. Sai su malala cikin gurbin maƙwabci su goge abin da ke ciki. Idan kuma aka datse kalmar don ta shiga, ana iya raba harafi biyu, sai ka ga alamar tambaya a inda ƙ take.

Abin lura shi ne, wanda ya gwada manhajarsa da Ingilishi kaɗai ba zai taɓa ganin wannan ba, domin a can adadin haruffa da na bayit ɗaya ne. Sai ranar da wani ya rubuta “Ɗanladi” ko “Ƙanƙara” yadda ya kamata. Masu Fulfulde, da 'yan'uwanmu na Nijar masu rubuta ƴ, duk jirgi ɗaya ya ɗauko mu.

Hatsari na uku: aron da ba a mayar ba

Don kauce wa hatsarin farko, JNI kan ba C kwafin kalmar, bisa sharaɗin ya mayar idan ya gama. Mai shara ba ya shiga wannan gurbi. Idan aka manta, kowace kalma za ta bar ɗan guntu a baya. Da sannu ma'ajiya ta cika, waya ta yi nauyi, manhaja ta rufe kanta.

Me ya sa abin ya wuce wasa?

Irin waɗannan kurakurai su ne ƙofar da masu kutse suka fi bi, domin wanda ya iya rubutu a gurbin da ba nasa ba zai iya cusa umarninsa a ciki. Tsutsar Morris ta 1988, wadda ta durƙusar da dubban kwamfutoci a farkon zamanin intanet, ta yi amfani da malalar gurbi. A 2014 aka gano kuskuren Heartbleed, wanda ya ba da damar karanta abin da ya wuce iyakar gurbi, har da kalmomin sirri. A 2019 kamfanin Microsoft ya bayyana cewa kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da yake toshewa daga matsalar ma'ajiya suke.

Maganin sananne ne. A auna kalma da bayit, ba da harafi ba. A miƙa tsawonta tare da ita. A fayyace wa ke da alhakin mayar da gurbi. Kada a riƙe lamba bayan an gama aiki, in ana buƙatar kalmar daga baya a kwafe ta. Akwai kuma harshen Rust, wanda ya fito cikakke a 2015, mai kama yawancin waɗannan kurakurai tun kafin manhaja ta fara aiki. Google ta fara shigar da shi cikin Android a 2021.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikinmu za su yi aiki da masu gina ƙamus na waya, ko manhajar fassara, ko rumbun matani. Idan harafi ya lalace, abin da aka saba ce mana shi ne mu cire lanƙwasar a huta. Wannan rufe kura da fatar akuya ne: kuskuren yana nan, kuma mun mayar da “ƙasa” “kasa”. Gudummawarmu ita ce mu miƙa wa injiniya jerin kalmomin gwaji, irin su “ƙaƙƙarfa” da “ɓaɓɓake” da “ɗanɗano”, mu ce ya gwada da su kafin ya saki aikinsa. Manhajar da ta iya ɗaukar waɗannan lafiya, ta fi aminci ga kowa, har da wanda bai ji Hausa ba.