Kallon dare a lokacin ɗari

'Yan uwa mata, ɗari ya shigo, hira ta koma ɗaki. Kafin yaro ya kai kati a cika maki shi da tarkace, ki zaɓa da kanki.

In dariya kike so, nemi finafinan marigayi Ibro. Ta fannin soyayya, Sangaya bai tsufa ba. Daɗin Kowa na Arewa24 kuwa zaman gidajenmu ne sak, har da kishi da rikicin bashi. Sarraounia, fim ɗin 1986, labarin sarauniyar Lugu ne da ta tari sojojin Faransa a 1899, shekarar da suka ƙone Birnin Ƙonni. Wannan a kalla da 'yan mata.

Amma fa kuɗin kallo daga riba, ba daga zubin asusu ba.