Tangaran da tukunya ba su san iyaka ba

Duk wanda ya taɓa leƙa ɗakin amarya a Safo, ko wani gari na gundumar Madarunfa, ya san abin da ido ke fara sauka a kansa shi ne jere. Ga tasoshi, ga kwanonin samira, ga farantan tangaran masu zanen furanni. In aka juya gindin farantin, sau da yawa sunan ƙasar Sin za a gani. Kwanon kuwa daga Kano ko Jibiya aka saro shi, ƙwarya da faifai su ne aikin gida. Ke nan ƙasashe uku ne zaune cikin ɗaki guda, ba a taɓa jin kansu ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu bi sawun waɗannan kaya, mu ji abin da suke faɗi game da zaman tare tsakanin ƙasashe.

Shi dai tangaran a ƙasar Sin aka fara yin sa, da wata farar ƙasa da ake gasawa a wutar da ta kai digiri 1,300, shi ya sa yake ƙara kamar ƙararrawa in an ƙwanƙwasa shi. Birnin Jingdezhen ne cibiyarsa. A ƙarni na 14 maginan birnin suka shahara da fararen farantai masu shuɗin zane, to amma sinadarin shuɗin daga ƙasar Farisa, wato Iran ta yau, fatake ke kawo shi, kuma da yawan farantan don kasuwannin Musulmi aka yi su. Har ma akwai wani launi da Sinawa suka laƙaba wa suna "shuɗin Musulmi". Turawa kuwa sun daɗe suna neman sirrin, sai a 1710 aka buɗe masana'antar Meissen a Jamus. Ashe faranti guda ya haɗa ƙasar wani, launin wani, da kasuwar wani.

Da irin waɗannan kaya suka iso ƙasar Hausa, magina ba su bar su ga cin tuwo kaɗai ba. A tsofaffin soraye na sarakuna da attajirai, akan dasa faranti ko tasa a ƙololuwar rufi, daidai inda bakan gizo suka haɗu. A jikin bango kuma, daga unguwar Birni ta Damagaram har Zariya, zanen da ya fi yawa shi ne dagi, igiya guda da ta sarƙe da kanta, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Shi ne gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna Ahmadu Bello ta ɗauka a matsayin tambari, kuma har yau dukawa da masu ɗinkin riga a Maraɗi suna zana shi ba tare da sun tambayi ko na wace ƙasa ne ba.

Haka zalika ba za mu manta da Ladi Kwali ba, Bagwariyar maginiya wadda Baturen Ingila Michael Cardew ya ga tukwanenta a gidan Sarkin Abuja Sulaimanu Barau. A 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya kafa a garin da yanzu ake kira Suleja. Ta koyi gashi da ƙyalli irin na Turai, amma ba ta yar da zanen gida ba: kada, kunama, kifi da ƙadangare. Ta rasu a 1984, kuma hotonta ne a bayan takardar naira 20, wadda ta sha ratsa hannun 'yan kasuwar Madarunfa.

Wasu masu fasahar kuwa kai tsaye suka yi magana. A 1966 Najeriya ta ba Majalisar Ɗinkin Duniya kyautar wani mutum-mutumin tagulla mai suna Anyanwu, aikin Ben Enwonwu, alamar farkawar sabuwar ƙasa. Shekara guda bayan haka yaƙin basasa ya ɓarke. A 1988 ƙasar Luksambur ta ba majalisar siffar wata bindiga da aka ƙulle wa baki kamar igiya. Nan kusa da mu, ranar 27 ga Maris 1996, an ƙone makamai kimanin 3,000 a Tumbuktu, aka kuma gina hasumiyar tunawa da ragowar bindigogi a jikinta. Agadas ma ta kunna tata wutar zaman lafiya ranar 25 ga Satumba 2000. Tarihin da ya biyo baya ya nuna cewa siminti da tagulla ba su hana yaƙi. Aikinsu shi ne su tsaya a bainar jama'a suna tuna wa shugabanni alkawarin da suka ɗauka.

Mu a Safo ba mu buƙatar a yi mana dogon bayani a kan haka. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, ya ratso Jibiya da Madarunfa, sannan ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Maginiyar da ta ɗebi yumɓu a fadamarsa, wa zai ce mata ga na Nijar ga na Najeriya? Sarautar Maraɗi kanta sarakunan Katsina ne suka kafa ta bayan jihadi, a farkon ƙarni na 19. Amma duk da haka mun ga yadda aka rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, sai a Maris 2024 aka buɗe hanyar Ɗan Isa da Jibiya. A tsakanin nan kasuwa ta mutu, kayan masarufi sun yi tsada, biki da ta'aziyya sun gagari 'yan uwa na jini. A Janairun 2025 kuma Nijar, Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga CEDEAO.

Siyasar ƙasashe takan sauya, amma maƙwabci ba a sauya shi. Saboda haka muna kira ga magadan gari na yankin Madarunfa da takwarorinsu na Jibiya da Katsina da su duba yiwuwar shirya baje kolin maginan tukwane, masu sassaƙar ƙwarya da dukawa na ɓangarorin biyu, ko da sau ɗaya ne a shekara. Malaman lakwal su ma su riƙa kai yara wurin magina, domin roba ta riga ta kori randa da tulu daga gidaje da dama, kuma in tsofaffin nan suka kau, da zanensu za su tafi. Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take; to a bar ƙafar ta wuce. Allah ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, amin.